Babi na Shida: A Fara da Gaiwa Kafin Giwa

Darasin dabbobi da wuraren zamansu yana cikin abubuwan farko da ɗan firamare ke cin karo da su a fannin kimiyya, kuma yadda aka saba koyar da shi kusan iri ɗaya ne ko'ina. Malam ya raba allo gida-gida, ya jera sunaye da Turanci a ƙarƙashin kowane gida, yara su bi shi baki ɗaya har su haddace: zaki a daji, kifi a ruwa, raƙumi a hamada. Ranar jarrabawa a tambayi yaro inda kifi yake zaune, ya ba da amsa, ya ci maki, a wuce gaba. Ba a faɗa masa ƙarya ba, amma kuma ba a koya masa kimiyya ba, domin abin da ya riƙe jerin sunaye ne, ba dalilin da ya sa kowace dabba ta zauna inda take ba. Abin da wannan babi ke son tabbatarwa shi ne, a ƙasa irin ta Gaya da Ajingi, a gabashin Jihar Kano, wannan darasi ba zai zauna a kan yaro ba sai an fara shi daga dabbobin da yake iya zuwa ya gani da ƙafarsa, cikin harshen da yake tunani da shi, kuma an bi da shi yadda damina da rani ke juyawa. Zaki da giwa suna da lokacinsu, amma ba su ne harsashin ginin ba.

Mazaunin dabba ba suna ne na wuri kawai ba. Wuri ne da ya haɗa mata abubuwa huɗu: abin da za ta ci, ruwan da za ta sha ko ta zauna a ciki, inda za ta ɓuya daga rana da maƙiyi, da inda za ta yi ƙwai ko ta haihu. In ɗaya ya rasu, dabbar ta yi ƙaura, ko ta sauya hali, ko ta mutu. Don haka tambayar da ta dace da aji ba "a ina take?" ba ce kaɗai, har da "me ya ajiye ta a nan, bai ajiye ta can ba?" Yaro ba zai iya amsa wannan tambaya a kan zaki ba, sai dai ya maimaita abin da aka gaya masa, domin bai taɓa ganin dajin zaki ba. Amma yana iya amsa ta a kan ƙadangaren da ke shan hantsi a katangar aji, ko kuregen da ya haƙa rami a gefen gonar gyaɗa. Ƙasar Gaya da Ajingi kuwa ba ta rasa wuraren gwada wannan tambaya ba. Akwai jigawa mai yashi inda ake noma gero da dawa da wake da gyaɗa, akwai fadama, akwai kogin da ya ratso Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja, akwai kuka da tsamiya da ɗorawa da gawo a tsakiyar gonaki, akwai suri, akwai kuma kududdufin da kusan kowane gari ya samu daga ramin da aka ɗebi ƙasar gini. Daga Kademi zuwa Shagogo, daga Toranke zuwa Gafasa, da wuya a sami makarantar da ba ta kusa da biyu ko uku daga cikin waɗannan.

A ɗauki kududdufi. A watan Afrilu busasshen rami ne, ƙasarsa ta tsattsage, akuya na yawo a cikinsa. Da ruwan farko ya sauka da ƙarfi, a daren nan kukan kwaɗi zai hana unguwa barci, bayan 'yan kwanaki kuma gefen ruwan ya cika da 'ya'yansu baƙaƙe masu wutsiya, ba ƙafa ba hannu, suna shaƙar iska daga ruwa kamar kifi. Kafin wata ɗaya ko biyu sun yi ƙafafu, wutsiya ta shanye, sun fito tudu. Tsutsar sauro na rataye a saman ruwan kai ƙasa, zalɓe na tsaye a gefe yana jira, guza na leƙowa daga ciyawa. A fadamar da ke kusa kuma akwai wadda ta fi su duka ban mamaki, wato gaiwa. Kifi ce, amma tana da huhu. Idan ruwa ya fara janyewa sai ta nutsa cikin taɓo, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙin da ke bushewa ya zama kamar kube, ta bar 'yar kafa da iska ke shiga, ta kwanta watanni ba ci ba sha har damina ta dawo. Masu haƙar fadama sun san wannan, shi ya sa suke tono ta da rani a inda babu ko ɗigon ruwa. Yaron da aka haddatar da shi cewa kifi a ruwa yake zaune, aka kuma nuna masa gaiwa a cikin busasshiyar laka, dole ya tsaya ya yi tunani. Daga wannan tsayawar kimiyya ke farawa, domin a nan zai gane cewa jikin dabba da wurin zamanta a ɗaure suke da juna, kuma wurin da kansa yana sauyawa a cikin shekara.

Gawo ma makaranta ce guda. Sauran itatuwa na yin ganye da damina, shi kuwa sai ya zubar da nasa, ya bar rana ta sauka a kan geron da ke ƙarƙashinsa, da rani kuma ya yi kore shar. A lokacin da ciyawa ta ƙare, inuwarsa da 'ya'yansa ke tara awaki da tumaki da shanu. Su kuma su bar kashi a gindinsa, buzuzu ya mulmula ya binne, ƙasa ta yi ƙarfi, shuka ta yi kyau. Balbela na biye da ƙafar saniya don ta cafke farar da tafiyar saniyar ta tayar. A bishiya ɗaya yaro ya ga yadda abinci ke zagayawa tsakanin tsiro da dabba da ƙasa, ba tare da an zana masa kibiyoyi a allo ba tukuna. Kalandar makaranta ma ta taimaka, in da za a lura. Zangon farko yana faɗowa a ƙarshen damina da kaka, lokacin da kududdufi ke cike, fara ta yi yawa, tsuntsaye na sauka a kan dawa. Zango na biyu hunturu ne da rani, lokacin tambayar ina kwaɗi suka shiga, me bushiya ke ci, me ya sa gara ba ta fitowa fili sai ta yi wa kanta rufin ƙasa. Zango na uku bazara ce da farkon ruwa, lokacin da shamuwa ke dawowa ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari. Malamin da ya zaɓi wuri ɗaya, ya riƙa mayar da ajinsa can sau ɗaya a kowane zango, ya ba su abin da hoto a littafi ba zai ba su ba, wato ganin wuri guda cikin kamanni uku.

Ƙorafin farko da za a yi wa wannan ra'ayi yana da nauyi. Za a ce ɗan ƙauye ya riga ya san akuya da kwaɗo, iyayensa ba su tura shi makaranta don a nuna masa abin da ke bayan gidansu ba, aikin makaranta shi ne ta buɗe masa duniyar da bai sani ba. Gaskiya ne cewa yaron da ke kiwo ya san wace ciyawa tunkiya ke so, yarinyar da ke kula da kaji ta san alamar shaho tun kafin ya sauko. Sai dai sani daban, kimiyya daban. Abin da makaranta za ta ƙara shi ne ƙirgawa, da rubutawa, da kwatantawa, da jarraba zato. Balbela nawa aka gani a bayan garken shanu, nawa aka gani a gonar da babu shanu? Ƙadangaru sun fi yawa a katanga da hantsi ko da tsakar rana? Tururuwa ta fi ɗaukar gero ko dutsen da ya yi girman gero? Waɗannan tambayoyi ne da ɗan aji uku zai iya amsawa da tsinke da allo, kuma hanyar amsa su ita ce hanyar da manyan masana ke bi. Charles Darwin, wanda ya zaga duniya a jirgin ruwa, littafinsa na ƙarshe da ya fito a 1881 a kan tana yake, bayan ya shafe shekaru masu yawa yana lura da yadda take juya ƙasa a filayen da ke kusa da gidansa a Ingila. Tun kafin shi da kusan shekara dubu, Jahiz na Basra ya cika Kitabul Hayawan da abin da ya gani game da tururuwa da tattabaru da karnuka, da abin da ya ji daga bakin makiyaya da maharba. Kusancin abu bai rage masa daraja a ilimi ba.

Bayan haka, na kusa shi ke kai yaro nesa, kuma ya kai shi da hujja a hannu. Shamuwar da ta yi sheƙa a kukar bakin kasuwa, idan damina ta ƙare a nan, ƙetare tsakiyar Afirka take yi ta nufi gabashi da kudancin nahiyar, inda ruwa ke sauka a lokacin da muke rani, tana bin fara da tsutsa. Yaron da ya rubuta ranar zuwanta da ranar tafiyarta zai nemi taswira da kansa. Kogin da ya ratso Wudil ma haka yake. Idan aka bi shi sama za a tarar da madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da aka kammala a 1992, idan aka bi shi ƙasa za a isa dausayin Haɗeja da Nguru, inda agwagin ruwa da wasu tsuntsaye daga Turai da Asiya ke sauka lokacin sanyin ƙasashensu, wanda aka sanya wani sashe nasa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a shekarar 2000. Madatsun sun kawo noman rani, amma sun sauya yadda ruwa ke zuwa can ƙasa. Inda a da ambaliya ke zuwa ta janye, ruwa ya koma kwanciya duk shekara a wasu hanyoyin, kachala ta samu wurin yaɗuwa ta toshe su, masunta suka rasa wuraren su, jan-baki kuma ya samu mafaka a cikinta yana fita ya afka wa gonakin hatsi. Wannan labari ne na mazauni da ya sauya, dabbobinsa suka sauya tare da shi. Ɗan aji biyar da ya taɓa bin kududdufin garinsu daga cika zuwa ƙafewa zai fahimce shi nan take. Daga nan ne ya kamata a kai shi dajin Falgore, da Yankari da giwayenta, har ma da hamada da teku, domin yanzu yana da tambayoyin da zai yi wa kowane wuri.

Ƙorafi na biyu na harshe ne. Littattafai da Turanci suke, jarrabawar shiga sakandare da Turanci take, don haka wasu iyaye da malamai na ganin duk mintin da aka ɓata da Hausa an cuci yaro. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare, kuma tun daga lokacin gwamnatoci ke kai-komo a kan batun. Amma akwai gwajin da aka yi a ƙasar nan wanda bai kamata a manta da shi ba. Daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife sun koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi mai zaman kansa. Yaran ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba, sun ma fi su a fannoni da dama, kuma Turancinsu bai lalace ba. Dalilin a fili yake. Ɗan shekara bakwai a Ajingi yana da kalmomin da zai bambanta damo da guza, bushiya da beguwa, kurciya da hazbiya, gara da zago. Idan aka tilasta masa Turanci tun a matakin lura, duk wannan dukiya ta koma kalma ɗaya ko biyu da ya haddace, bakinsa kuma ya mutu a aji. Hanya mafi dacewa ita ce ya lura da Hausa, ya yi gardama da Hausa, sannan a ba shi kalmar Turanci ya rataya ta a kan abin da ya riga ya gane. Kalmar da aka samu ta haka ba ta saurin gudu ranar jarrabawa.

Ƙorafi na uku shi ne halin da makarantun suke ciki. Ajujuwa sun cika maƙil, malamai ba su isa ba, kayan aiki babu, har ta kai gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Mai wannan ƙorafi zai ce ta yaya malami ɗaya zai fita da tarin yara zuwa bakin fadama? Amsar ita ce, wannan hanya ita ce mafi arha a cikin duk hanyoyin koyar da kimiyya. Kai aji guda gidan zu na Audu Bako a Kano yana buƙatar mota da kuɗin shiga da abinci, kuma abin da yaro zai gani can dabba ce a keji, an raba ta da mazauninta, wato an cire ainihin abin da ake son koyarwa. Kwalbar roba da aka yanke, aka zuba ruwan kududdufi da 'ya'yan kwaɗi biyar, aka ajiye a inuwar taga, ba ta cin ko sisi, kuma za ta ba aji aikin makonni kafin a mayar da su inda aka ɗebo su. Ba lallai ne a fita da kowa lokaci guda ba. Ana iya raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni da bishiyarsa ko surinsa a cikin harabar makaranta, ana iya ba da aikin gida na lura da abin da ke zuwa turken awaki da magariba. Gari kuma cike yake da masana da ba a gayyata. Sarkin ruwa, da sarkin baka, da ardo, da mai kafa amya a kan bishiya, kowannensu zai iya tsayawa gaban aji na rabin sa'a ya amsa tambayoyi, malam ya taya yara tace abin da suka ji. Abin da ke buƙatar kuɗi da gaske shi ne horar da malamin kansa, domin wanda aka koyar da hadda da hadda zai koyar. A nan ne hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da kwalejojin horar da malamai, da jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil, maƙwabciyar Gaya, suke da rawar takawa.

Akwai kuma tsoron haɗari, wanda ba wasa ba ne. Kududdufi na cin yara, ruwan kwance na ɗauke da tsargiya, gindin suri da tarin karmami na ɓoye maciji da kunama. Dole a kafa doka: ba shiga ruwa, ba sa hannu a rami, ba ɗaga dutse da hannu, malam ne kaɗai ke ɗibar ruwa da moɗa mai dogon mariƙi. Sai dai a tuna cewa yaran nan suna zuwa waɗannan wurare kullum, da malam ko ba malam. Abin da darasin zai sauya shi ne su je da sani. Yaron da ya gane cewa ƙwayar tsargiya tana fita daga fitsarin mai cutar, ta shiga jikin wani ƙaramin dodon-koɗi na ruwa, ta fito ta huda fatar mai wanka, ya san dalilin da ya sa ake hana fitsari da iyo a kududdufi. Wanda ya ga tsutsar sauro ta rikiɗa a cikin kwalba zai kifar da fasasshen tulun da ya tara ruwa a bayan ɗaki ba sai an aike shi ba. Wanda ya fahimci cewa ɓera na bin hatsi, maciji kuma na bin ɓera, ya san abin da share gindin rumbu ke hanawa.

Saura batun camfi. Abin da yaro ya zo da shi daga gida ba duka ne gaskiya ba. An gaya masa mujiya tsuntsuwar mayu ce, tatsuniya kuma ta nuna masa kura a matsayin wawuya mai kwaɗayi. Wasu malamai na gudun buɗe wannan ƙofa don kada aji ya koma dandalin tatsuniya. Amma camfin da ba a fito da shi fili ba, ba ya mutuwa, yana nan kwance a ƙarƙashin abin da aka haddace. Mujiya tana amayar da ƙashi da gashin abin da ta haɗiya a dunƙule, ana kuma samun waɗannan dunƙulen a ƙarƙashin inda take kwana. Idan malam ya fasa ɗaya da tsinke a gaban aji, yara suka ga ƙananan haƙora da ƙasusuwan ɓera, sun sami hujjar da za su auna maganar da ita, ba tare da an zagi kakar kowa ba. Kuma babu saɓani tsakanin wannan da tarbiyyar da yaran ke samu a makarantar allo da Islamiyya, inda suke karanta surorin da aka sanya wa sunan saniya da ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa, ake kuma horonsu da yin tunani a kan halitta da tausaya wa dabba.

Abin da ya sa batun ya wuce na cin jarrabawa shi ne, mazaunan da ake magana a kansu suna raguwa a idon mutanen da ke raye yanzu. Dattawa sun san lokacin da ungulu ke cika mahauta, yau sai a yi shekara ba a ga ɗaya ba, kuma tun 2015 irin ungulun da muka saba gani a gari take cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Gauraka ta yi wuyar gani a ƙasar Hausa. Indiya ta ɗanɗana abin da irin wannan rashi ke jawowa. Wani maganin dabbobi ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayenta daga shekarun 1990, mushe ya yi yawa, karnukan da ba su da mai su suka ƙaru tare da cizon mahaukacin kare, sai a 2006 aka haramta ba dabbobi maganin. A ɗaya gefen kuma akwai Kure a Jamhuriyar Nijar, inda raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suka ragu zuwa 49 a 1996, amma da hukuma da manoman yankin suka haɗa kai wajen kare su, suka haura 600 cikin shekara ashirin da 'yan kai, suna kiwo a cikin gonakin mutane. Yaran da ke zaune a ajujuwan Gaya da Ajingi yau su ne gobe za su yanke shawarar sare gawo ko barinsa, fesa maganin ƙwari a bakin ruwa ko nesa da shi, cike fadama ko kiyaye ta. Don haka ma'aunin wannan darasi ba yawan sunayen da yaro ya jera ba ne. A ƙarshen shekara a tambaye shi abin da zai faru da tsuntsaye da awaki da gonar gero idan aka sare itatuwan wata gona da ya sani, a kuma nemi ya faɗi abin da ya gani da idonsa wanda ya sa ya ce haka. Makarantar da yaranta ke iya amsa wannan ta koyar da kimiyya, ko da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje.